Ƴan Baya Huɗu daga Tajaye

Jiya da marece ina zaune bakin gidan kallo na ji kuna gardama. Ɗaya cikinku ya ce antarenar ɗin Turawan nan bai san aikinsa ba, da shi ne da sai shi juya wasa zuwa huɗu-uku-uku a gama. Na ci gaba da hura shayina, don bai huce ba. Yau tunda ba a kawo wuta ba kuma kuna zaune banza, ku matso in ba ku labarin aikin. Ni Sanda, na yi antarenar, wato mai horar da ƴan ƙwallo, koci in ji mutanen ƙetaren iyaka, tun ba a haifi yawancinku ba. Nan Birnin Konni na yi shi, ga ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, ta unguwar tasha da ake kira Guguwa.

Huɗu-uku-uku ba ta da nauyi ga baki. Amma kowane ɗaya cikin lambobin nan mutum ne. Wani bai ci abincin rana ba, wani budurwarsa na bakin fili, wani ubansa ya aike shi kasuwa ya biyo ta nan. Su za ka jera, ba lamba ba.

Aikin farko da anka ba ni shi ne toka. Gwiwata ta lalace ina saurayi, na je ga Mushe Arzika, tsohon malamin motsa jiki na lakwal, wato makarantar boko inda ake kiran malami Mushe, wanda ke riƙe da Guguwa lokacin, na ce ina son koyon horarwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini gwangwanin tumatir da anka huhhuda ma gindi da ƙusa. Da safe in zagaya gidan burodi da wurin masu tuyar ƙosai in kwaso toka, in tankaɗe, in ja layin fili da ita. In layi ya karkace sai shi sa in share in sake. Bayan toka sai tsintar tsidau, don rabin yaranmu ba takalmi. Bayan tsidau sai korar awaki, waɗanda ba su da abin so irin ragar gola. Sannan ɗinkin ƙwallo da basilla, da kai ta wurin mai faci in ta sace. Kayan aikinmu duka cikin buhun siminti guda suke: usur, famfon iska, basilla, da gwangwanin marafan kwalabe, ja na mu, kore na abokan hamayya. Da marafan nan ake koyar da jeri bisa ƙasa. Har yau ban ga allon da ya fi su ba, don in yaro ya ƙi ganewa kana iya jifarsa da lambarsa.

Ranar da ya fara koya mini aikin gaske, wasa ake yi. Ya zaunar da ni kusa da shi ya ce, "Yau ba ka kallon ƙwallo."

Na ce, "Mushe, to mi zan kalla?"

Ya ce, "Ƙwallo guda ce, kowa na ganin ta. Kai ka dubi waɗanda ba su da ita."

Na yi ƙoƙari, amma ido ba ya jin magana. Da anka ci mu, ya tambaye ni mi mai lamba huɗu ke yi lokacin. Na ce ban gani ba. Ya ce, "Shina ɗaurin wando. Gobe ka koma ga toka."

Daga gare shi na koyi zaɓen mutum ga wurinsa. Gola da baki ake zaɓensa kafin hannu, don shi kaɗai ke ganin fili duka, in bai yi magana ba ƴan baya makafi ne. Golan da ya fi kowa cikin waɗanda na riƙe shi ne Garba, ɗan kamashon tasha. Mutumin da ke kiran fasinjan Tawa a ji shi bakin kasuwa, in ya ce ma ɗan baya "hagunka", har mai tallan gyaɗa sai ta waiwaya hagu. Mai lamba shida kuwa, wanda ke tsayawa gaban ƴan baya, shi ne mai ɗaukar kayan kowa. Shi ƙwace, shi miƙa, shi koma. Ba mai tafa mishi. Uwarsa ma in ta zo kallo, in an tashi sai ta tambaye shi ko an sa shi yau. Ƴan gefe kana son masu gudu da ba su yawan tunani. Lamba tara kana son mai son kai. Na taɓa sa wani yaro mai kirki ga tara, ya iso gaban raga shi kaɗai, ya tsaya neman wanda zai ba don kada a ce ya cika zari. Lamba goma kuwa kowa ita yake so. Ranar rabon riguna sai ka ga yaro wanda bai iya tsayar da ƙwallo ba ya riƙe hannun rigar goma, wani ya riƙe ɗayan, sai an kira tela.

Da Mushe Arzika ya tsufa ya bar mini usur, ya bar mini kuma Alhaji Buba. Ku da ke ganin antarenar shi ke da ekip, ba ku san mai ekip ba. Alhaji Buba manyan motoci gare shi masu jigilar albasa. Fili nasa ne, riguna nasa, ƙwallo tasa, motar da ke kai mu wasa tasa. Shina kallon wasan Turai cikin falonsa, duk sati kuma sai shi zo mini da sabon jeri. Wata rana ya fito daga mota tun bai rufe ƙofa ba ya ce, "Sanda, daga yau huɗu-huɗu-uku za mu yi."

Na jera marafai gabansa, na ɗora gola. Na ce, "Alhaji, sha biyu ke nan."

Ya duba, ya ƙirga da yatsa. Ya ce, "To ka fidda wanda ba ya da amfani."

"Wane, Alhaji?"

"Kai ne antarenar."

Wanda ba ya da amfanin kuwa mu duka mun san shi, ba mai iya faɗi. Basiru ne, ɗan Alhaji, mai lamba goma. Yaro mai hankali, mai ladabi, mai jiki. Takalminsa ya fi na kowa kyau cikin Konni, kuma bai taɓa tsufa ba don ba ya wahala. Basiru bai taɓa cin ƙwallo ba ko ga horo. Shi da kansa yakan same ni gefe shi ce, "Antarenar, don Allah yau ka aje ni benci, ka ce ma Baba ƙafata na ciwo." In ce mishi, "Basiru, in na aje ka, ni za a aje."

Haka munka yi ta lallaɓawa har shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fidda kai. Ba sai na faɗa muku yadda gari ke zama ba in haka ta faru. Tun ba a gama ɗan abin da za a girba ba samari sunka fara ɗaure kaya. Ƴan bayana huɗu rana guda sunka tafi cirani Legas, cikin motar Alhaji ma, bisa buhunan albasa, suna ɗaga mini hannu. Mai lamba shida ya nufi arewa wurin haƙar zinariya. Anka bar ni da Garba, da Basiru, da ƴan lakwal, da ƴan kabu-kabu, kowannensu ɗan gaba. In na ce wa zai tsaya baya sai kowa shi dubi sama. Wasan gwaji da munka yi da yaran Tsarnawa, Garba ya yi ta kiran sunayen mutanen da ke Legas.

Labarin cin da anka yi muna ya riga mu isa tasha. Abokan Alhaji sunka yi ta yi mishi dariya, shi kuwa ya hasala. Gaban jama'a ya ce, "Wallahi in Guguwa ta faɗi wasan farko na gasar kaka, shagon albasa zan gina cikin filin nan." Filin ƙwallon nan shi kaɗai ne unguwar tasha ke da shi. In ya tafi ba Guguwa, ba wurin da yara za su buga, ni ma ba aiki. Da anka yi ƙuri'a sai ta haɗa mu da Kunama ta Malbaza, can gidansu.

Ƴan baya nike nema, kuma na san inda na taɓa ganin su, ko da yake ba ga ƙwallo ba. Ƙanwata na aure Tajaye. Wata damina na je gaishe ta, na ga samari huɗu cikin gona suna noma da hauya. Sun jera kafaɗa da kafaɗa, babban na ba da murya, su tura tare, su ja tare, ba wanda ke wuce wani ko da taki guda. Na daɗe tsaye ina kallon su. Abin da na yi shekaru ina roƙon ƴan bayana ke nan, su tafi tare su komo tare. Na hau kabu-kabu na nufi Tajaye ina addu'a Allah Ya sa ba su bi mota ba.

Na iske su. Ɗiyan Malam Nomau ne, da rani haƙar rijiya suke yi, shi ya sa ba su tafi ba. Babban sunansa Illo, dogo, ba ya da yawan magana. Sun taɓa buga ƙwallon tsumma ƙauye, iyakarta ke nan. Na durƙusa na gaida tsohon, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Wanga aiki, mi za su yi cikinsa?"

Na ce, "Baba, tsayawa za su yi su hana mutane wucewa."

"Ba gudu?"

"Kaɗan."

"Ana ba su abinci?"

"Alhaji na ba su."

Ya ce, "Ka tafi da su. Amma yadda na ba ka su huɗu da ƙafa takwas, haka za ka maido mini."

Dabarar da na shirya ita ce tarkon satar gida, abin da kuke kira orje. Ƴan baya su jera layi guda, in za a jefo ma ɗan gaban abokan hamayya ƙwallo sai su taka gaba tare, su bar shi bayansu shi kaɗai, mai tuta shi ɗaga, alƙali shi busa. Na ce su zo da igiyar rijiyarsu. Na ɗaure su ga ƙugu, tsakanin kowane da ɗan'uwansa ƴar tazara. Illo shi ce "gaba", su taka. Shi ce "baya", su ja. Ban taɓa koyar da abu ya shiga da sauri haka ba. Ƴan kabu-kabuna sunka yi ta faɗawa tarko har sunka fara fushi. Matsala guda, duk abin da ka faɗa musu shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Ranar farko da anka kira magariba na busa usur na tafi, ban ce su kwance ba. Haka sunka ratsa tasha a jere da igiyarsu zuwa wurin alwala, direbobi na ba su hanya.

Ranar wasa munka shiga bayan babbar mota, Alhaji na gaba kusa da direba. Filin Malbaza tsakuwa ne da farar ƙura, in ka faɗi ka tashi kamar an tona ka. Jama'a ta cika. Kunama na da wani mai lamba tara da ake kira Jirgi, siriri, in ya zabura sai dai ka ga bayansa. Ban damu ba, don shi na gina ma tarko. Abin da ban duba ba shi ne mai tuta na gefenmu. Wani dattijo ne, reshen dogon yaro ga hannu guda maimakon tuta, rake ga ɗayan.

Ba a daɗe da farawa ba anka jefo ma Jirgi ƙwallo. Illo ya ce "gaba", su huɗu sunka taka kamar mutum guda. Jirgi ya samu kansa shi kaɗai, nesa bayan kowa, har shi da kansa ya tsaya ya waiwaya shina jiran usur. Dattijo na ɓare rake da haƙori. Jirgi ya ga ba a busa ba, ya tafi ya zuba ma Garba ita. Na ruga wurin dattijon.

Na ce, "Baba, ai satar gida ce."

Ya tofar da ɓawo ya ce, "Ɗana, ka iya bakinka. Yaron nan ɗan ƙanwata ne, tun da anka haife shi bai taɓa sata ba."

Kafin hutun rabin lokaci anka sake yin ta sak. Layin su Illo kamar an ja da zare, reshen dogon yaro na ƙasa, Garba na ciro ƙwallo daga raga shina faɗin maganganun da ba zan maimaita muku ba. Biyu da babu.

Da anka busa hutu Alhaji ya taso, babbar riga na jan ƙura. Ya ce, "Sanda, kowa shi tafi gaba. Biyu-biyu-shida. Kuma Basiru shi ne gaban kowa."

Na zube marafai ƙasa. Tarko ba ya aiki in mai tuta kawun ɓarawo ne, don haka na rushe shi. Ƙannen Illo uku na jawo su baya kusa da Garba, inda muryarsa za ta riƙa juya su. Basiru na fidda shi daga tsakiya, inda ya tare ma namu hanya tun safe, na kai marfinsa bakin ragar Kunama. Na ce, "Ga shi gaba, Alhaji, yadda ka ce." Ga Basiru kuwa na rage murya na ce, "Kada ka yi gudu. Ka tsaya nan kamar an dasa ka. Ko ba komai sai sun zagaye ka." Ya yi mini godiya. Sannan na kama hannun Illo na nuna mishi Jirgi.

Na ce, "Ka ga wancan? Ka manta da layi, ka manta da ƙwallo. Shi za ka bi."

Ya ce, "Har ina?"

Na ce, "Duk inda ya tafi."

Jirgi bai sake taɓa ƙwallo ba. In ya yi dama Illo na nan, in ya yi hagu Illo na nan. Ya durƙusa ɗaurin takalmi, Illo ya durƙusa. Ya je bakin layi shan ruwa, Illo ya tsaya ya jira shi gama ya karɓi moɗa. Ba ture, ba shure. Daga baya Garba ya faɗa mini har gaisawa Illo ke yi da shi, shina tambayarsa yadda damina ta yi musu nan Malbaza. Jirgi ya fara kai ƙara ga alƙali, alƙali ya ce ba dokar da ta hana gaisuwa.

Mu kuwa munka samu numfashi. Wani ɗan kabu-kabu cikin ƴan gefena ya tsere ta dama ya ɗago ƙwallo sama zuwa bakin raga. Daidai lokacin Alhaji ya ƙwala ma ɗansa kira, Basiru kuwa yaro mai ladabi ya juya shi amsa. Ƙwallo ta sauka bisa ƙeyarsa, ta canza hanya, golan Kunama ya faɗi gabas ita ta shiga yamma. Basiru ya dafe kai shina neman wanda ya jefe shi, sai ya ga ƴan'uwansa sun yo kansa. Alhaji kuwa ya shiga fili da gudu, hula ta faɗi, takalmi guda ya fita. Sai da alƙali ya roƙe shi ya koma.

Antarenar ɗin Kunama ya ga Jirgi ya zama ba amfani, ya fidda shi ya sa wani. Ni hankalina na gaba, ina tura yara neman ta biyu. Can na ji Garba na kiran Illo, na ji jama'a na dariya. Na waiwaya. Ga Jirgi zaune bisa bencin Kunama ya haɗe rai, ga Illo zaune kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa. Na zagaya da gudu na ce mi yake yi nan. Ya ce, "Antarenar, ba ka ce in bari ba." Kafin alƙali shi gama dariya shi yarda mishi shi komo, mun yi wasa mu goma na wani lokaci, kuma Allah Ya tsare, ƙannensa sun riƙe.

Dab da tashi dama ta ƙarshe ta zo. Ƙwallo ta gangaro gaban Basiru, shi da gola kaɗai. Da ta buge shi da ta shiga. Amma yanzu ya ɗanɗana, sai ya ja baya ya buga da niyya, da dukan ƙarfinsa. Ta haye raga, ta haye jama'a, ta faɗa bayan wata motar siminti da ke wucewa bisa titi. Ba mu sake ganin ta ba. Anka kawo wata, alƙali ya busa tashi. Biyu da ɗaya.

Munka hau bayan mota munka kamo hanyar Konni. Gaba kuwa muna jin muryar Alhaji shina ba direba labari. "Da ƙeya fa. Bai ko duba ba. Wa ka taɓa gani ya ci da ƙeya in ba gwani ba?" Washegari duk tasha Baban Mai Ci ake kiransa, shi kuwa sai rabon goro yake yi. Da la'asar ya aiko kirana. Na iske shi ba walwala.

Ya ce, "Sanda, ekip ɗin nan yanzu ta fara gane jerina. Ga shi kuma na rantse, gaban mutane."

Na ce, "Ka rantse, Alhaji."

Ya ɗauke ni munka tafi wurin malaminsa. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce shi maimaita rantsuwar yadda ya yi ta, kalma da kalma. Alhaji ya maimaita.

Malam ya ce, "Ka faɗi girman shagon?"

"A'a, Malam."

"Ka faɗi wane wuri cikin filin?"

"Ban faɗa ba."

"To je ka gina, Alhaji. Rantsuwa ba abin wasa ba ce."

Cikin sati anka kawo magina. Sunka tada ɗan ɗaki can kusurwar gabas, wanda in ka sa buhu kaɗan sai ka fito kafin ka juya. Ni na maida ɗiyan Malam Nomau Tajaye da ƙafafunsu takwas, tsohon ya ƙirga. Ukun sunka zauna ga rijiya. Illo ya komo da yardar ubansa, ya yi shekaru shina riƙe muna baya, har ya zama kaftin, sai dai duk umurnin da zan ba shi nakan faɗa mishi inda ya ƙare. Basiru ya je ga ubansa ya ce shina son shi bar wasa tun sunansa na sama, Alhaji ya ga hikima cikin haka ya yarda. Yau Basiru ke riƙe da motocin da ekip ɗin duka, kuma bai taɓa kawo mini jeri ba.

Ɗakin albasar na nan inda anka gina shi, ya cinye kwanar gabas. Mai bugun kwana daga can ba ya da wurin ja da baya, sai dai shi jingina da bango shi tura ma na kusa da shi a hankali, su shigo da ita ta ƙasa. Dole ta sa munka ƙware, har mun ci wasanni da ita. Bara wani antarenar ya zo da yaransa daga Illela, ya ga mun yi ta sau biyu, ya jawo ni gefe ya ce gajerar kwanar nan irin ta Turai ce, wane kwas na je na koyo ta. Muna tsaye jikin bangon, warin albasa na fitowa ta taga. Na ce mishi karatu ne mai tsawo.